Babur mai ƙafa huɗu a bayan akori-kura mai gajeren bodi, ga akwatin kayan aiki ya tare gaba

Mai Akori:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka saba. Motata F-150 ce mai ƙofa huɗu, bodinta gajere, ƙafa biyar da rabi. A gaban bodin, jikin gilashi, akwai akwatin kayan aiki na alminiyam, irin wanda ke zama kan kafaɗun bodi daga wannan gefe zuwa wancan. To na sayi babur mai ƙafa huɗu, Honda Rancher 420, ina so in riƙa kai shi daji a bayan motar. Zai shiga ba tare da na cire akwatin ba? Duk sifanuna da jak da igiyoyi a ciki suke, ba na son taɓa shi. Tirela kuma ba ni da ita, ba ni ma da inda zan ajiye ta.

Ɗan Daji:
Wa alaikumus salam. Zai shiga mana Oga. Sauke ƙofar baya, ka hau da shi, ka ɗaure, ka kama hanya. Haka kowa ke yi.

Baba Direba:
Ɗana, ba ka ga motar ba, ba ka ga akwatin ba, har ka yanke hukunci? Malam Mai Akori, ɗauko tef ka auna mana. Daga jikin akwatin zuwa inda daɓen bodi ya ƙare. Sai tsawon ƙofar baya in an kwantar da ita. Sai babur ɗin: daga hancin bamba zuwa tsakiyar tayar gaba, da kuma daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya. Tsawon babur gaba ɗaya bai dame ni ba. Inda tayar baya za ta taka nake son sani.

Mai Akori:
To Baba, na auna. Bodin inci 67 ne, akwatin ya cinye 20, saura 47. Ƙofar baya inci 21. Daga bamba zuwa tsakiyar tayar gaba wajen inci 16, tsakanin tayoyin kuma 50. Babur ɗin gaba ɗaya ya kusa 83.

Injiniya:
Lissafin ya riga ya ba da amsa. In ka tura babur ɗin har bamba ta taɓa akwati, tsakiyar tayar baya za ta faɗa a inci 66 daga jikin akwatin, wato 16 da 50. Daɓen bodi ya ƙare a 47. Ƙofar baya ta kai ka 68. Ke nan tayar baya tana zaune inci biyu kacal daga bakin ƙofar, rabin tayar yana lilo a iska. Wannan kuma in ka yarda bamba ta riƙa dukan akwatin ne duk tsawon tafiya. In ka bar ɗan fili tsakaninsu, wanda ya kamata ka bari, tayar ta sauka daga ƙofar gaba ɗaya.

Yanzu cire akwatin a zuci. Tayar baya tana nan a 66, bodi kuma 67 ne. Ta zauna daidai bakin daɓen ƙarfe, kusa da hinjin ƙofa, inda ya fi ko'ina ƙarfi. Inci 20 ɗin nan na akwati su ne duk rigimar.

Ɗan Daji:
Amma Injiniya ai akwai fili a ƙarƙashin irin wannan akwatin. Tayar gaba ba za ta shige ƙasansa ba?

Injiniya:
Zurfin bodin kansa bai wuce inci 21 da ɗan wani abu ba, tayar babur ɗin kuma 24 ce. Ko babu cikin akwatin da ya sauko ƙasa, tayar ta fi kafaɗar bodi tsawo. Filin nan na shebur ne da katako, ba na taya ba.

Mai Walda:
Ni abin da ya fi damuna ƙofar bayan ce. Mutane suna ganin ta faffaɗa su ɗauka bene ce. Abin da ke riƙe da ita wayoyi biyu ne, kowace ba ta fi kaurin fensir ba, an lulluɓe su da roba. Ruwa yana shiga ƙarƙashin robar ya kwanta daidai inda wayar ke lanƙwashewa in an rufe ƙofa, tsatsa ta ci ta daga ciki, kai kana ganin roba lafiya lau. Kama wayar ka lanƙwasa ta a hannunka. In ka ji tana ƙas-ƙas, ko robar ta kumbura, ko jan ruwa ya fito, ta gama aiki. A shekarar 2004 kamfanin GM ya janye akori-kura kusan miliyan huɗu saboda wannan tsatsar ta wayar ƙofa, aka sauya musu da wadda ba ta tsatsa. Ba tatsuniya ba ce.

Kuma nauyin da ke tsaye daban yake da nauyin da ke tsalle. Babur ɗinka ya kai kilo 280. Kusan rabi yana kan tayoyin baya. Kilo 140 a bakin ƙofa mota na tsaye, ƙofa za ta ɗauka. Amma faɗa rami da gudu, babur ya ɗaga ya dawo, wannan 140 ɗin ya ninka a kan wayoyin nan. Ko wayar ba ta tsinke ba, fatar ƙofar tana lotsawa, ka zo rufewa ta ƙi kamawa.

Hajiya Mai Gona:
Gaskiyar Mai Walda. Ƙofar tsohuwar motarmu haka ta bankare a tsakiya, har yau sai an ɗaga ta da gwiwa take rufuwa. Kuma bodinmu ya fi naka tsawo.

Ɗan Daji:
To a juya shi mana, a hau da baya.

Baba Direba:
Wannan ka faɗi abin dubawa. Ana yi. In ka shiga da baya, kariyar ɗora kaya ta bayan babur takan haye saman murfin akwatin, in akwatin ba mai tudu ba ne, sai tayoyin baya su je su jingina da jikinsa.

Injiniya:
Ana samun riba amma kaɗan ce. Taya ta jingina da akwati, tsakiyarta na inci 12 daga jikinsa. Ƙara 50, tayar gaba ta faɗa a 62. Ka ci inci huɗu. Har yanzu tana inci 15 a kan ƙofa, ba a kan daɓe ba. Ya fi na farko, amma ban kira shi mafita ba.

Hajiya Mai Gona:
Kuma wa zai hau tsanin lodin babur da ribas? Kana waiwaye, nauyinka ya zube kan sitiyari, babban yatsa na kan totur. Ni ko da kuɗi aka haɗa ni ba zan yi ba. In dole sai da baya, a ja shi da winci babu kowa a kai. Sannan ku tuna iska: babur da ya juya wa hanya baya, iska tana shiga ƙarƙashin kujera da robobin jiki ta inda ba a yi su don ta ba. A ɗaure kujerar, in ba haka ba a isa a tarar babu ita.

Mai Akori:
Na ga wasu suna ɗora tayoyin gaba a kan wani ƙarfe mai tudu, hancin babur ya haye saman akwatin. Wannan fa?

Mai Walda:
Na sha ƙera irinsa. Tudu biyu ne na ƙarfe, a kafe su a daɓen bodi da noti, su ɗaga tayoyin gaba sama da murfin akwatin, sai babur ya matsa gaba, tayar baya ta dawo cikin bodi. Yana aiki. Amma ka san abin da ka saya. Na ɗaya, muddin babur na sama akwatin ba zai buɗu ba, kai da ka ce jak ɗinka a ciki yake. Taya ta fashe a hanya, sai ka sauke babur kafin ka kai ga jak. Na biyu, bambar babur ta dawo daidai saitin gilashin baya. Dole a yi wa tudun matoshi mai ƙarfi a ƙarshensa, kuma ni ba na sakin aikin sai an sa garkuwar ƙarfe a bayan gilashi. Na uku, nauyi ya hau sama, a kwana za ka ji motar tana kwanciya.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a jingina katako a ɗora taya kan murfin akwatin kansa. Alminiyam ɗin nan siriri ne, rana ɗaya zai lotse, makullin ya daina kamawa.

Ɗan Daji:
Garkuwar gilashi kuma? Abin ya fara yawa fa. Mutum ya iya totur ai shi ke nan.

Baba Direba:
Ɗana, duk wanda ya fasa gilashin baya ya iya totur. Ga yadda abin yake faruwa: kana kan tsani kana ba shi wuta don ya hau, da tayoyin baya sun bar tsani sun taka ƙofa, nauyin hawan ya ƙare amma yatsanka bai sani ba. Babur ya yi tsalle gaba. Tsakaninka da gilashi taku ɗaya ne. A motar Mai Akori akwatin ne zai sha dukan, wannan kaɗai ce alfarmar da akwatin ya yi masa.

Shugaban Zaure:
Tunda an zo kan tsani, a yi masa bayaninsa sosai, don a nan aka fi jin ciwo, ba a kan titi ba.

Injiniya:
Bakin ƙofar irin wannan mota yana kai wajen inci 35 daga ƙasa. Tsani mai ƙafa shida zai ba ka gangare kusan digiri 29. Mai ƙafa bakwai da rabi ya sauko da shi wajen 23. Bambancin kamar kaɗan a rubuce, amma a kan babur za ka ji shi a cikinka. Ɗauki dogo, mai ɗan lanƙwasa a sama don kada cikin babur ya karci bakin ƙofa. Duba nauyin da aka rubuta a jikinsa, ka haɗa da naka nauyin, ba na babur kaɗai ba.

Abin da ya fi komai: ɗaure tsanin da jikin mota. Bel daga tsani zuwa ƙugiyar ja ko ƙarfen ƙasan bamba, a ja shi tam. Tayar baya tana tura tsani baya lokacin da take hawa, in ba a ɗaure ba sai ya zame daga bakin ƙofa, babur ya faɗo da kai a ƙasansa.

Baba Direba:
Ƙari a kan na Injiniya. Nemi tudu ko gangare ka saka tayoyin bayan mota a kwari, ƙofa ta matso ƙasa, tsani ya kusa kwanciya. Ja hambirki. Sa babur ya ja da duka tayoyi huɗu, giya ta ƙasa. Hular kwano a kai, ko da taku biyar ne. Ka miƙe ka kwanto gaba, wuta ɗaya a hankali ba tare da tsayawa a tsakiya ba. In ka tsaya a tsakiya kada ka ƙara wuta, riƙe birki ka sulalo ƙasa ka sake. Kuma kada kowa ya tsaya a baya wai zai tare.

Hajiya Mai Gona:
A wanke laka daga taya kafin a dawo da shi. Jiƙaƙƙen alminiyam da laka, santsi ne zalla.

Mai Akori:
Na gode ƙwarai. Faɗi fa? Ban tambaya ba.

Injiniya:
Nan ba ka da matsala. Tsakanin tudun tayoyin cikin bodinka inci 50 ne da ɗoriya, babur ɗinka 47 da ɗoriya. Zai wuce, da ɗan fili kowane gefe. Masu ƙananan akori-kura ne ke shan wahala, irin su Tacoma da tsakanin tudun bai kai 45 ba, dole taya ta hau kan tudun.

Amma akwai lissafin da ba a yi ba. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙi akwai takarda da ta faɗi iyakar nauyin mutane da kaya. Me aka rubuta?

Mai Akori:
Fam 1,600, wato kilo 725.

Injiniya:
To cire 280 na babur. Akwati da abin da ke ciki, in ƙarfe ne cike kamar yadda ka faɗa, sa 90. Tsani 20. Saura 335. Manya huɗu a cikin mota sun cinye shi, ba a sa jarkar mai ba, ba a sa ruwa ba. Kana bakin iyaka. Kuma ba yawan nauyin kaɗai ba, har da mazauninsa. A gajeren bodi, aksul na baya yana wajen tsakiyar bodin ne. Akwati ya tura babur baya da inci 20, yawancin nauyinsa ya koma bayan aksul. Bayan mota ya zauna, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako, fitila ta haska idon masu zuwa. Ba sai ka wuce iyakar takarda ba kafin ka ji wannan.

Ɗan Daji:
Ni dai na ga ana sa ƙarin sifirin ko balan-balan na iska a baya, mota ta miƙe.

Injiniya:
Ta miƙe a ido. Lambar da ke jikin ƙofa ba ta canza ba, birki da taya da aksul suna nan yadda suke.

Mai Walda:
Bari in kawo wa Malam hanyar tsakiya, in ya nace sai da akwati. Katako biyu masu kauri, inci biyu, faɗin goma ko sha biyu, daga jikin akwati har bakin ƙofa, kowanne a ƙarƙashin layin taya. Tayar gaba ta danne kansu, ta baya ta zauna a ƙarshensu, sai katakon ya kwashe wani kaso na nauyin ya mayar kan daɓe. Sannan a ƙara wa ƙofa sandunan ƙarfe guda biyu da ke kama makullinta da jikin bodi, su taimaki wayoyin. Akwai kuma ƙarfen da ake zurawa a ramin ƙugiyar ja ya tokare daga ƙasa.

Baba Direba:
Katakon yana taimakon mai bodi ƙafa shida da rabi, wanda tayarsa ta hau ƙofa da inci bakwai ko takwas. Na Mai Akori a bakin ƙofa take. Katako ba ya ƙara wa ƙofa tsawo. Birki ɗaya, tashi ɗaya a kan tudu, bel ya ɗan saki, taya ta gangara inci uku, shi ke nan ta sauka. Kuma wanda ke bin ka a baya bai san hawa ba bai san sauka ba.

Mai Walda:
Ban musa ba Baba. In an juya shi da baya nake nufi, a 62 ɗin nan.

Baba Direba:
A 62 da katako da sanduna, a gajeriyar tafiya, zan iya yin shiru. Ba zan ce na so ba.

Hajiya Mai Gona:
Ni ban gane wahalar cire akwatin ba. Ƙugiyoyi huɗu ne ko biyu suke riƙe da shi a kafaɗar bodi, daga cikin akwatin ake kwance su. In an kwashe kayan, mutum biyu sun ɗaga shi. Malam, kayan da kake buƙata a daji ba su kai rabin abin da ke ciki ba. Zuba su a jaka ka tura ƙarƙashin kujerar baya.

Mai Akori:
Hajiya kwashewar ce aiki. In kowane mako zan fita, kowane mako sai na yi sauke da lodi ke nan.

Hajiya Mai Gona:
In kowane mako ne, ai akwatin ne bai dace da kai ba. Akwai na gefe, sirara, masu zama kan kafaɗar bodi ta tsawo, akwai masu zama bayan tudun taya. Tsakiyar bodi ta zama taka har gilashi. Sai dai ka auna, kada na gefen ya shigo ciki ya tare robar saman tayar babur.

Ɗan Daji:
To ɗauri fa? Ni winci nake maƙalawa a gaba in ja, in sa bel ɗaya a baya.

Mai Walda:
Daina. Winci na ja ne, ba na ɗauri ba. Girgizar hanya tana cin giyar cikinsa, kuma igiyar tana iya saki. Bel huɗu, mai makullin ja, biyu gaba biyu baya, kowanne a jikin firam, ba a kariya ba, ba a sitiyari ba. Na gaba su ja gaba, na baya su ja baya, su yi gardama da juna. Lamba biyu ake rubutawa a jikin bel: inda yake tsinkewa, da nauyin aikinsa, wanda yawanci kashi ɗaya cikin uku ne na farkon. Ƙaramar lambar ce taka.

Injiniya:
A nan ni da Mai Walda mun saba saɓawa. In ka ɗaure firam, shokozoba tana tsakanin bel da daɓe. Mota ta faɗa rami, babur ya nutse, bel ya saki na ɗan lokaci, ƙugiya ta fita. Na fi son a ɗaure tayoyin kansu, ko ƙarfen ƙasa kusa da taya, a bar jikin babur ya yi rawarsa.

Mai Walda:
Shi ya sa ake danne shi tukuna. Ka ja bel har babur ya ɗan zauna, kuma ka sayi ƙugiya mai marfi. Ɗaurin taya yana da kyau a tirela mai ramukan ɗauri a ƙasa daidai taya. A bodin mota ina za ka kama? Kunnuwan ɗaurin suna kusurwa. Kuma a wurin Malam, babur mai rawa bambarsa za ta riƙa sarar akwati.

Injiniya:
Wannan ta akwatin na karɓa. Amma kada a danne shi har ƙasa a bar shi kwana da kwanaki.

Baba Direba:
Ku duka kun manta taya. Tayar irin wannan babur iskarta kaɗan ce, wajen fam biyar, taushi gare ta. Ka ja bel ya yi tauri, ka yi tafiya kaɗan, taya ta gyara zama, bel ya yi laushi. Tsaya bayan 'yan kilomitoci na farko ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka ƙara ja. Ka ɗaure jelar bel kada ta yi ta kaɗawa ta shiga taya. Babur a giya, birkinsa a kulle, makulli a aljihu. Masu kafireto su rufe famfon mai.

Hajiya Mai Gona:
Kuma in ƙofa na kwance, kyamarar baya ƙasa take kallo, kada ka dogara da ita wajen ribas. Motar ta ƙara tsawo da kusan ƙafa biyu. Tsanin ma a ɗaure shi, ba a zura shi ƙarƙashin babur a ce nauyi zai riƙe ba. Dokar kayan da suka leƙo baya ta bambanta daga wuri zuwa wuri, a jihohin Amurka da yawa in ya wuce ƙafa huɗu sai an ɗaura jan ƙyalle. Naka ba zai kai haka ba, amma ka tabbata lamba da fitilun baya suna fitowa.

Mai Akori:
Na fita na sake gwadawa da tef, babu akwati a lissafi. In na bar inci biyu tsakanin bamba da bangon gaba, tsakiyar tayar baya tana faɗawa daidai kan tsagar da ke tsakanin bodi da ƙofa. Wannan ba matsala?

Mai Walda:
Shimfiɗa filawud mai kauri ko katakon nan biyu su haye tsagar, taya ta zauna a kansu. Ka kafa guntun katako a gaba ya tare tayoyin gaba, don bamba kada ta isa bango. Wayoyin ƙofa kuma ka duba su duk da haka, ai ta kansu za ka hau.

Mai Akori:
To na tsayar. Wannan fitar zan sauke akwatin, kaya su shiga jaka. In na ga fitar ta zama ta kullum, zan nemi na gefe. Mai Walda, garkuwar gilashin nan, tana hana a mayar da akwatin daga baya?

Mai Walda:
Ba ta hanawa in an yi ƙafafunta da faɗi, akwatin ya zauna a kansu, ƙugiya ɗaya ta kama duka biyun. Sai dai akwatin zai matso baya da kamar inci biyu, murfin ya samu wurin buɗewa. Turo min faɗin bodin daga kafaɗa zuwa kafaɗa, da tsayi daga kafaɗa zuwa rufin mota.

Ɗan Daji:
Ni ma a auna min tawa Oga. Bodina ƙafa biyar ne cif.

Baba Direba:
Kai naka tirela ce, ɗana. Mai faɗin ƙafa biyar, tsawon ƙafa takwas, ta ishe ka.